Shafa manja a fata, lafiya kuwa ko akwai illa?

Ummu_Hanan

Assalamu alaikum yan uwa, dan Allah masu sani ku taimaka min da bayani akan manjan nan da ake sawa a kayan shafa. Ni fatata mai bushewa ce sosai musamman kafafuna da gwiwar hannu, in sanyi ya shigo har fari take yi tana tsagewa, to sai naga wani bidiyo wata tana cewa wai in ka samu jan manja danye kana shafawa da daddare yana gyara fata yana goge tabo har ma yana sa haske, a kasan bidiyon kuma wasu sai rantsuwa suke wai manja yana kawo cutar kansa shiyasa kamfanonin turawa suka fara rubuta babu manja a jikin kayansu. Na dauko kwalin sabulun wankana na duba baya sai naga sodium palmate shine na farko a jerin, loshan dina kuma akwai wani abu wai isopropyl palmitate, wlh hankalina ya tashi dan da sabulun nan nake yiwa yara wanka.

Abinda nake son sani, shin yana da illa ne da gaske? Sannan jan ne yafi ko wanda aka tace ya zama fari? Kuma zan iya shafawa yarinyata mai shekara uku, tana fama da kaikayi a bayan gwiwa da lankwasar hannu tana sosawa har yayi ja. Fuska fa, ana iya sawa? Nagode Allah ya saka da alheri.

Hajiya_Mai_Sabulu

Wa alaikumus salam Ummu Hanan, kwantar da hankalinki 'yar uwa, ba sai kin zubar da sabulun nan ba. Ni sana'ata haɗa sabulu ce, bari in faɗa miki abin da na sani ta ɓangarena.

Mai biyu ne ake samu daga kwakwar manja, mutane na ɗaukarsu abu ɗaya alhali halinsu ya bambanta sosai. Jan manja daga tsokar ɗan yake fitowa, wato jan naman nan da ya kewaye ƙwallon. In aka fasa ƙwallon kuma akwai ƙwara a ciki, ita ce ke bada man alayyadi. In aka duba nau'ikan kitsen da ke cikinsa, manja kusan kashi 44 cikin ɗari nasa palmitik asid ne, kusan 40 oleyik, sai kimanin 10 linoleyik, shiyasa yake barci in ya ji sanyi. Alayyadi kuwa kusan rabinsa lorik asid ne, ya fi kusa da man kwakwa a hali. A sabulu manja shi ke sa ya yi tauri ya daɗe bai narke a ruwa ba, alayyadi kuma shi ke kawo kumfa da ƙarfin wanki, amma in ya yi yawa yana kwashe maiƙon fata tas ya bar ki kina jin jiki na ja bayan wanka. To mai busasshiyar fata irinki in kika ga sodium palm kernelate ne a farkon jeri, ki lura da yadda jikinki ke yi.

Shi sodium palmate ɗin da kika gani manja ne da ya haɗu da kostik soda ya koma sabulu, ya daina zama mai kenan gaba ɗaya. Kuma ba sabon abu bane, sabulun Sunlight da ya fito a Ingila a 1884 da manja ake yinsa, Palmolive ma sunansa daga manja da man zaitun aka ciro shi. Fiye da shekara ɗari mutane na wanka da shi a duniya.

Inda matsala take a sabulu shine awo. Kilo ɗaya na manja yana buƙatar soda kimanin giram 142, alayyadi yana cin fiye da haka, to in mai haɗawa ta auna da ka ko ta canza mai bata canza awon soda ba sai a samu ragowar soda a ciki, shine zaki ji sabulu na cin jiki yana ɗaye fata sai ace ai manjan ne. Haka wanda ba'a bari ya kwana ba, sabulun da aka haɗa a sanyi sai ya yi sati huɗu zuwa shida yana shan iska kafin ya dace a yi wanka da shi. Kuma ko wanda aka yi daidai pH ɗinsa, wato ma'aunin tsami da kaifi irin na soda, yana kai 9 zuwa 10 ita kuwa fata tana wajen 5, dan haka dole ki bi da mai bayan wanka.

Abu ɗaya da bana so a yaudare ku da shi, masu tallan sabulu suna cewa wai yana ɗauke da bitamin na jan manja zai gyara fata. Abin da zai yi minti ɗaya a jiki a ɗauraye shi me zai bari? Ni kaina ina sa jan manja a wasu sabulan amma dan kala nake sawa, kuma haka nake faɗawa masu saye.

Abu_Fadil

Hajiya ta yi bayani mai kyau, Allah ya ƙara basira. Ni ɓangaren haɗa magunguna na karanta, zan yi magana akan zancen kansar nan dan shine ke tada hankalin mutane.

Maganar tana da tushe, sai dai an ɗauke ta daga inda take an kai ta wani wuri. A 2016 hukumar kula da ingancin abinci ta Turai, EFSA, ta fitar da rahoto akan wasu sinadarai da ke samuwa lokacin da ake tace man ganyayyaki da zafi mai tsanani, sama da digiri 200, ana kiransu glycidyl esters da 3-MCPD. Suna samuwa a wasu mayukan ma amma a tataccen manja aka fi samunsu da yawa. Damuwar ita ce in mutum ya ci, cikinsa yana sakin wani sinadari mai suna gilisidol daga glycidyl esters ɗin, shi kuma gilisidol hukumar binciken kansa ta duniya ta sa shi a rukunin abubuwan da ake kyautata zaton suna iya jawo kansa. To kinga zancen ci ne da narkewa a hanji, musamman ga jarirai da ƙananan yara, rahoton bai shafi wanka da sabulu ko shafa loshan ba. Bayan haka ma Turai ta sa iyaka akan adadin da aka yarda ya kasance a abinci, masu tacewa suka gyara aikinsu.

Ta ɓangaren shafawa kuma, kwamitin ƙwararru da ke duba sinadaran kayan kwalliya a Amurka, CIR, ya fitar da rahoto a 2000 akan manja da alayyadi ya ce basu da haɗari yadda ake amfani da su a kayan shafa. Kuma gaskiya ko kin guje shi kina shafa shi, dan gilisarin, cetyl alcohol, glyceryl stearate, stearic acid, sodium lauryl sulfate, da yawansu daga manja ko alayyadi ake ciro su, suna cikin shamfu da man goge baki da janbaki da kirim.

Ni abin da yafi damuna ba na kamfani bane, ɗanyen da zaki sayo a buɗaɗɗiyar roba ki shafa ne. Na farko akwai algus. Wasu na zuba rini mai suna Sudan IV dan manja ya ƙara ja ya ja hankalin mai saye, rini ne na masana'antu da ake sawa a man takalmi da kakin zuma da robobi, an haramta shi a abinci, Tarayyar Turai ta haramta shi a kayan shafa ma. A 2015 hukumar abinci da magunguna ta Ghana ta same shi a manjan kasuwa da yawa har aka kama mutane. Kuma rini ne mai narkewa a mai, ba abin da mutum zai so ya kwana a fatarsa kullum bane.

Na biyu tsufa da lalacewa. Ɗan manja da zarar an sare shi ya ƙuje, wani sinadari da ke cikinsa yana fara farfasa man, in aka bar shi kwanaki kafin a dafa a matse sai asid ɗinsa ya hau. A kasuwancin duniya ɗanyen manja mai kyau bai kamata asid ɗin nan ya wuce kashi 5 cikin ɗari ba, wanda aka sarrafa ba kula yana wuce haka nesa, ga ragowar ruwa da datti da ke kawo fumfuna. In kuma ya sha rana da iska ya fara warin tsohon mai, abubuwan da suka samu a cikinsa suna fusata fata, su ne ke kawo ja da ƙaiƙayi.

Game da ja ko fari, jan yana da karotin mai yawa, wajen miligiram 500 zuwa 700 a kowane kilo, shine ke bashi kalar, sannan yana da bitamin E wanda mafi yawansa nau'in tokotirayinol ne. Tacewa tana kashe karotin ɗin kusan duka ta rage bitamin E. Amma aikin da kike nema, wato mai ya rufe fata ya hana ruwa gudu, farin ma yana yi, kuma shi ya fi tsafta baya ɓata kaya baya wari. Akwai kuma jan da ake tacewa a ƙaramin zafi ya riƙe kalarsa, in kin samu irin wannan a rufe da lambar hukuma shi yafi kwanciyar hankali.

Zee_Zee

Ummu Hanan fuska dai ki kiyaye gaskiya, ni fuskata mai maiko ce na gwada shafa jan da daddare saboda irin wannan bidiyon, ba'a jima ba kananan kuraje suka feso min a goshi da haba, ga matashin kai da zanin gado duk sun koma ruwan lemo wanki baya fitar dashi da sauki. Amma a dunduniya wlh yayi min aiki, in na jika kafa na goge na shafa kadan na sa safa tsagewar tana laushi sosai. To ni a ganina ya danganta da inda aka sa shi ne. Anty Nas dan Allah kizo kiyi magana akan yarinyar.

Anty_Nas

Gani Zee. Ummu Hanan sannu da ƙoƙari, Allah ya ba 'yarmu lafiya.

Ƙaiƙayi a bayan gwiwa da lanƙwasar hannu a yarinya 'yar shekara uku yafi kama da egzima irin ta yara, amma sai likita ya gani da ido dan akwai masu kama da ita kamar ƙazuwa da makero kuma maganinsu daban ne. Kar ki shafa mata ɗanyen manja a wurin da ta sosa ya yi ja. Fatar mai egzima saman ta a buɗe yake, ruwa na fita abubuwa na shiga cikin sauƙi, shi kuma oleyik asid da Hajiya ta ambata yana da halin kutsawa tsakanin kitsen da ya liƙe ƙwayoyin saman fata ya sassauta su. An yi wani bincike a Ingila da aka buga a 2013, aka sa manya suna shafa man zaitun da man sanfulawa a hannu na sati huɗu, man zaitun mai yawan oleyik ya raunana saman fata har ya kawo ɗan ja, na sanfulawa mai yawan linoleyik bai yi haka ba. Ba akan manja aka yi ba, kuma oleyik ɗin manja bai kai na zaitun ba, amma kashi 40 ba kaɗan bane ga fatar da dama ta samu rauni. Abin da aka fi amincewa da shi ga irin yaran nan shine farin basilin mara ƙamshi ko kirim mai kauri mara turare, a shafa da zarar an fito wanka jiki da ɗan danshi, ruwan wanka ya zama mai ɗumi kar ya yi zafi, a rage sabulu a wuraren. In wurin ya fara ruwa ko ya yi ɓawo ruwan zuma ki kaita asibiti kar ki jira.

Sai masu amosanin kai da kyasbi, su ma su yi hankali. Fangas ɗin da ke kawo su, Malassezia, baya iya ƙera kitsen kansa, da maiƙon da ya samu a fata yake rayuwa, kuma palmitik da oleyik da lorik duk yana amfani da su. Mutum na shafa mai dan ya kwantar da amosani alhali ƙara masa ƙarfi yake.

Zancen toshe ƙofofin fuska kuma, lambobin ƙarfin toshewa da kuke gani a intanet wai wannan mai yana da 4 wancan yana da 1, mafi yawansu daga tsohon gwajin da aka yi a kunnen zomo suka samo asali, kuma kunnen zomo yafi fatar mutum saurin toshewa. A irin gwajin isopropyl palmitate ya fito cikin masu toshewa, amma in yana can ƙasan jeri kuma a jiki kike shafawa baki ga komai ba, ki ci gaba da abinki. Mai ƙurajen fuska ita ce zata guji zallar mai mai nauyi a fuska.

Haske kuwa manja baya sawa. Karotin ɗin yana rina saman fata ne ta yi ɗan ja-ja ga ƙyallin mai, a kyamara sai kiga kamar ta yi kyau, kina wanka ya tafi. Kuma ba maganin rana bane, baya tare ta. In kika ga an sayar miki haɗin manja kuma cikin 'yan kwanaki fata ta fara fari, to akwai abin da aka zuba ba'a faɗa ba, ko haidirokwinon ko sitiroyid irin su clobetasol ko ma makyuri, waɗannan su ne ke siranta fata su kawo nankarwa da baƙin gwiwar yatsu, makyuri har ƙoda yake taɓawa. Wannan yafi bani tsoro akan manjan sau dubu.

Ke kanki in zaki gwada a ƙafa da gwiwar hannu, ki fara da ɗan wuri a cikin damtse sau biyu a rana na kamar sati, in ba ja ba ƙaiƙayi sai ki ci gaba. Kuma dan Allah kar a zuba manja ko wani mai akan ƙuna, ruwan famfo mai sanyi na minti 20 sannan asibiti.

Ummu_Hanan

Kai Allah ya saka muku da alheri wlh naji sanyi a raina, Anty Nas insha Allah zan kaita a duba ta kafin na shafa mata komai. Saura abu biyu, to in ba illa me yasa kamfanoni ke rubuta babu manja kamar abin alfahari? Sannan Malam Abu Fadil ta yaya zan gane wanda aka zubawa rinin nan a gida?

Sadiq_M

Anty bari in amsa ta farkon dan na bibiyi batun. Rubutun nan zancen sare dazuzzuka ne, bai shafi fatarki ba. Asalin bishiyar daga Afirka ta Yamma take amma yanzu Indonesiya da Malesiya ke samar da kusan kashi 85 cikin dari na manjan duniya, kuma an sare dazuzzuka masu yawa a tsibiran Borneo da Sumatra aka shuka ta, an kona kasa mai tsohon ganye da ke rike hayaki mai dumama yanayi, birin nan orangutan ya rasa matsuguni, ga korafi akan hakkin ma'aikata da kwace filayen mutanen kauye. Shine masu saye a Turai suka fara kyamarsa kamfanoni kuma suka ga hanyar talla.

Amma ni ban yarda gujewa gaba daya shine mafita ba, dan babu shukar mai da ke bada yawan da kwakwar manja ke bayarwa a hekta daya, in aka koma waken suya ko sanfulawa sai an nemi fili ninki da yawa dan a samu mai daidai da shi, wani dajin kuma za'a sara. Shiyasa aka kafa wata kungiya mai suna RSPO a 2004 dan tantance wanda aka noma bisa ka'ida, tana da masu sukarta akan sakaci wajen bincike amma dai tafi babu, a 2023 kuma Tarayyar Turai ta yi dokar hana shigo da kayan da aka sare daji dan noma su kuma manja na ciki. In abin ya dame ki ki nemi tambarin RSPO a jikin kaya. Kuma ki sani wani kayan zai ce babu manja dan bai zuba man kai tsaye ba alhali gilisarin dinsa da sauran sinadaran daga can suka fito.

Abu_Fadil

Ummu Hanan rinin Sudan sai a lab ake tabbatar da shi, dabarun da ake yaɗawa na zuba shi a ruwa ko lemon kwalba kar ki dogara da su. Abin da zaki iya shine ki sayi wanda yake a rufe da sunan mai yi da lambar hukuma da ranar ƙarewa, ko daga hannun wanda kika san yadda yake sarrafawa. Ja mai tsananin ƙyalli da ya wuce misali abin tuhuma ne amma ba hujja bane. Ki shinshina, in yana warin tsami ko na tsohon mai ki bar shi, haka in kika ga ruwa ya kwanta a ƙasa ko baƙin ɗigo a sama.

Hajiya_Mai_Sabulu

Ƙari akan na Malam, ki ɗebi kaɗan a ƙaramar kwalba mai duhu ki rufe sosai ki ajiye inda rana bata kaiwa, ki riƙa ɗiba da busasshen cokali kar ki sa jiƙaƙƙen yatsa. In zaki haɗa da man kaɗanya ki narka su a ƙaramin zafi, manjan ya zama kaɗan kamar kashi ɗaya cikin goma dan kar ya rina miki kaya. Amma kar ki zuba ruwa ko ruwan alobera ko madara a ciki dan ya yi laushi irin na loshan, duk haɗin da ruwa ya shiga sai da sinadarin hana lalacewa, in babu ƙwayoyin cuta na iya cika shi cikin 'yan kwanaki tun kafin ya canza wari, kuma bitamin E da wasu ke ɗigawa baya kashe su, mai kawai yake hanawa saurin tsufa. Ki haɗa ɗan wanda zaki shafe a wata ɗaya ko biyu, in ya ƙare ki sake wani.